Kwalbar Jinin Inna Batulu

Tudun Marke,
Lahadi, 6 ga Agusta.

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abdulbasit. Halin da kike ciki kuma, Allah ya sauke ki lafiya. Mu nan sai godiya. Ruwa yana sauka yadda ake so, masara ta yi goyo. Sabis ne dai har yanzu babu, tun da iska ta kayar da ƙarfen nan na bayan makaranta. Shi ya sa na koma wa biro da takarda. Zan ba Ɗangoggo direba, wanda ke shiga tashar Utako duk Litinin da Alhamis, ya juyo washegari.

Dalilin wasiƙar, Innarki Batulu ce ba ta jin daɗi. Kada hankalinki ya tashi, abin yana hannuna. Yau mako biyu ke nan tana tari da zazzaɓi, da ciwo a haƙarƙarin dama in ta ja numfashi. Na duba ta, sanyi ne ya shige ta. Na sa ta a kan allura safe da yamma daga kemis ɗina. Sai ta ji sauƙi kwana biyu, har ta fito tsakar gida ta yi wa kowa faɗa, sannan zazzaɓin ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Kin san ni. Shekara talatin da ɗaya na yi ina malamin asibiti, duk garin nan Likita suke ce mini, ba sai an koya mini nimoniya ba. Magungunan da ake kawo mana ƙauye ne ba su da ƙarfi. Abin da nake so, ki aiko mini da magani mai ƙarfi irin na Abuja, wanda manya suke sha. Ko da yake zumuncinmu ya ɗan yi nisa, kakarki da mahaifiyata ne suka haɗa uba, shekara ukun da kika yi a gidan nan kina sakandare sun sa Batulu ba ta da wata 'ya da ta wuce ki. Ita ce ma ta ce a rubuto miki.

Ki gaida ɗan'uwanmu Ilyasu na Orozo in kun haɗu, ki ce masa muna nan da rai, tunda shi bai tambaya ba.

Kawunki,
Mika'ilu.

*

Jikwoyi, Abuja,
Litinin, 7 ga Agusta.

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarku, muna lafiya, Abdulbasit yana gaishe ku. Ku yi wa Inna sannu, Allah ya ba ta lafiya. Kun ce kada hankalina ya tashi, to ya tashi.

Kawu, ni ba magani nake sayarwa ba, kuma babu wani magani da ake kira na Abuja. Aikina a ɗakin gwaji shi ne in gano wace ƙwayar cuta ce a jikin mutum, in kuma gano wane magani ne yake kashe ta. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, mako biyu tana zazzaɓi a kan allura, wurinta asibiti. Don Allah ku kai ta babban asibiti mafi kusa, a ɗauki hoton ƙirjinta. Da zan iya da na taho da kaina, amma likita ya hana ni doguwar tafiya, ko wannan cunkoson na Nyanya da nake shiga kullum da ƙyar ya bari.

Na san Inna, na san za ta ce ba ta zuwa. Saboda haka na roƙi ogana ya ba ni kwalabe biyu na gwajin jini, ga su nan cikin kwali a hannun Ɗangoggo. Ruwan da ke ciki abincin ƙwayoyin cuta ne, kada a buɗe, kada a zubar. Ran Alhamis da safe, lokacin da Ɗangoggo ya tsaya a ƙofar gida, a lokacin za ku ɗebi jinin, kafin ku yi mata allurar safe. Ku goge fatar sosai, ku goge bakin kwalbar, ku zuba ta cikin robar. Kada ta shiga firij, kada ta sha rana. Ranar da aka ɗiba, ranar za ta iso hannuna. Na ja layi a ƙarƙashin wannan, ku duba. Ta biyun ku ajiye, ko za a buƙata.

Wannan ba madadin asibiti ba ne, Kawu. Ina yi ne don kada a zauna haka nan.

'Yarku,
Fiddausi.

*

Tudun Marke,
Lahadi, 13 ga Agusta.

'Yata Fiddausi,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Batulu na nan yadda take, yau da sauƙi gobe babu. Maganar asibiti na yi mata, ta ce ba inda za ta. Ni ma ban ga abin da za su yi mata can wanda ba na yi a nan ba.

Ga kwalbarki nan. Ban jira Alhamis ba, ran Laraba da hantsi na ɗiba, lokacin da zazzaɓin ya hau sosai, don a lokacin ne cuta ke yawo a jini. Wannan tun ba a haife ki ba na san shi. Jijiya ɗaya na nema na samu, hannuna bai manta ba.

Ran Alhamis Ɗangoggo ya zo, amma ba a ba shi ba. Batulu ta ce ita ba za ta aika wa 'yarta da jini tsirara ba, kamar wadda ba ta da kowa. Wata bakwai rabon da ta aika miki da ko tsinke, ga ki kuma a wannan hali, sai kawai direba ya miƙo miki kwalbar jini a tsakiyar tasha? Ta sa an kai gyaɗa inji, maƙwabciyarmu Talatu ta matse mai, ta soya ƙuli-ƙuli, ba a gama ba sai ran Juma'a da yamma. Ga shi nan cikin bokiti, da man gyaɗa galan ɗaya, da daddawa, da kuka. Kukar ta Ilyasu ce.

Kwalbar kuwa kada ki damu, ta sha kulawa. Firij dama takardu nake ajiyewa a ciki, rabonmu da wuta wata biyu. Na san a asibiti cikin akwatin ɗumi ake ajiye irinta, daidai zafin jikin mutum, sai na sa ta a aljihun 'yar cikina, dare da rana. Lokacin salla ne kaɗai nake cirewa, tunda ba a salla da jini a aljihu. Sai in naɗe ta a leda in tura ƙarƙashin kazar Batulu da ke kwanci a bayan rumbu. Kazar ta tsattsage ni sau biyu, daga baya ta saba. Za ki ga ruwan ya yi duhu ya yi kauri, alamar abin ya kama ke nan.

Ki duba da wuri ki aiko da sunan maganin.

Kawunki,
Mika'ilu.

*

Utako, Abuja,
Alhamis, 17 ga Agusta.

Kawu,

Bayan gaisuwa. Na karɓi saƙo, ku yi wa Inna godiya, ku ce na ci ƙuli-ƙulin, har na yi kuka a kansa. Rabi don kewarta, rabi don takaici.

Kawu, kwana biyar! Na ce ranar da aka ɗiba, na ja layi, kun ajiye ta kwana biyar. Da na ajiye kwalbar a kan teburi, abokin aikina George ya ɗaga ta, ya ciro gashin kaza a jikin takardar, ya ce mini, "Madam, wannan kwalba da ƙafa ya zo daga Katsina?"

Jinin ya koma ruwan ƙasa. Na sa a madubin ganin ƙwayoyin cuta, na ga ɓaraguzai da fatalwar ƙwayoyi, babu ko ɗaya cikakkiya. Na shuka a faranti, na jira kwana biyu cur, ko ɗigo bai tsiro ba. Ba wai babu cuta ba ne. Akwai, ta yi yawa ma, ta mutu ne a hanya. Bari in yi muku bayani, don kada a sake.

Kowace ƙwayar bakteriya tana da bango mai tauri da ya kewaye ta. Cikinta a cike yake tam, bangon ne ke riƙe ta kada ta fashe. To amma ba za ta iya girma ko ta rabu biyu ba sai ta tsaga wannan bango. Saboda haka ita da kanta take yin wasu sinadarai, muna ce musu enzayim, waɗanda aikinsu kawai yanka bangon. Kamar lokacin da kuka faɗaɗa ɗakin Inna ne. Mutum ɗaya yana fasa gini da diga, wani yana biye da shi yana jera tubali. Muddin suna tafiya tare, ɗaki ƙaruwa yake yi.

Ƙwayar da nake zargi, wadda ta fi kawo nimoniya, tana da wani mugun hali. In ta hayayyafa ta cika wuri, abinci ya ƙare, mai jera tubali sai ya ajiye aiki, mai diga kuwa ba ya tsayawa. Cikin yini ɗaya ko biyu sai su farfashe su narke, su suke rushe kansu da kansu. Ɗumin da kuka ba su, ku da kaza, shi ya sa suka cika kwalbar da wuri, suka cinye abincin, suka narke tun wajen ran Juma'a, lokacin da ake can ana soya ƙuli-ƙuli. Ni kuma gawa ba ta gaya mini maganin da ke kashe ta. Sai da mai rai ake wannan gwajin.

Abu ɗaya na ƙaru da shi, kuma bai yi mini daɗi ba. Inna tana kan allurarku, amma duk da haka ƙwayar ta fito a jininta da ƙarfin da za ta cika kwalba. Ma'ana allurar ba ta riƙe ta ba. Kawu, cutar da ta bar huhu ta shiga jini ba ta zaman gida ba ce. Ku kai ta asibiti. In kun ƙi, to ran Litinin a ɗebi kwalba ta biyu, Ɗangoggo yana tsaye injin motarsa na aiki. Ba na son kuka, ba na son daddawa, ko allura kada a haɗo da ita. Na gaya wa Ɗangoggo haka a gaban mutane a tasha, har masu lodi suna dariya.

'Yarku,
Fiddausi.

*

Tudun Marke,
Lahadi, 20 ga Agusta.

'Yata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Allah ya yi miki albarka, karatunki bai tafi a banza ba. Faɗan da kika yi na ji, na kuma yafe, na san halin da kike ciki yana sa saurin fushi. Batulu ma haka ta riƙa yi.

Wasiƙarki ta kawo mana babban albishir. Ashe abin kashe kansa yake yi! Shekara talatin da ɗaya ina aiki ban taɓa jin wannan ba. Na karanta wa mutanen da ke zama a ƙofar kemis bayan la'asar, na yi musu bayanin mai diga da mai tubali, Malam Bello ya ce wannan ikon Allah ne, cuta da maganinta a cikinta. Kowa ya sa miki albarka.

To na zauna na yi tunani. In a aljihuna sun narke cikin kwana biyu, jikin Batulu ai ya fi aljihuna ɗumi. Ke da kanki kin ce allurar ba ta riƙe su ba. To mene ne amfanin a yi ta huda tsohuwa safe da yamma, duk cinyoyinta sun kumbura? Wataƙila ma allurar ce ke hana su cika su ƙare, tana rage su kaɗan-kaɗan suna samun wurin sakewa. Saboda haka tun ran Juma'a na dakatar da ita, na bar su su cika su yi wa kansu aikin. Na kuma rage mata abinci, sai kunu, don su ma su rasa.

Kwalba ta biyu ban ɗiba ba, tunda an gano bakin zaren. Tana nan a ajiye, in kina so a dawo miki da ita.

Batulu tana gaishe ki. Tarin ma ya ragu. Ciwon kai ne dai take kuka da shi tun jiya, ta ce a rufe taga haske yana damunta, wuyanta kuma ya ɗan riƙe, ina jin matashin ne ya yi tudu, na canja mata. Ɗazu ta kira ni da sunan yayanta marigayi, muka yi dariya. Ina ganin alamar fashewar ce ta fara.

Ɗangoggo ya ce Ilyasu ya karɓi kukarsa. Ko godiya bai aiko ba.

Kawunki,
Mika'ilu.

*

Tashar Utako,
Litinin, 21 ga Agusta.

Kawu,

Ku yi haƙuri, yau babu doguwar gaisuwa. A kan bonet ɗin Ɗangoggo nake rubutun nan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ina na ce a daina allura? Ku ɗauko takardar ku nuna mini layin! Sau biyu na rubuta asibiti, kun tsallake, kun je kun tsinci abin da ya yi muku daɗi kun karanta wa majalisa. Wallahi da wani ne ba ku ba, da na faɗi maganar da zan yi nadama.

Jikin Inna ba kwalba ba ne. Kwalba a rufe take, abincinta cokali nawa ne, dole ya ƙare. Jinin mutum kuwa kullum sabo yake zuwa, ko kunu take sha, ko ba ta shan komai, daga naman jikinta za su ci. Ba za su rasa abinci ba sai ranar da babu Inna. Waɗanda suke fashewa a jikinta kuma ba alheri suke yi mata ba. Akwai dafi a cikinsu, in bangon ya tsage sai ya zubo ya ci naman da ke kusa, 'yan uwansu su sami hanya su ƙara gaba. Maganin kirki shi ne wanda zai riƙe hannun mai tubali a dukkansu lokaci ɗaya, ya bar masu diga su gama da su kafin su yaɗu. Shi nake ta nema tun farko, shi ya sa nake roƙon kwalba mai rai.

Yanzu ma an wuce maganar kwalba. Ciwon kai, ƙin haske, wuya ya riƙe, ta kira ku da sunan mamaci. Kawu, ku ne kuka koya mini waɗannan alamu ina aji huɗu, shekarar da aka yi ta kawo yara ƙofar gidanku. Ba matashi ba ne. Sanƙarau ne, cutar ta hau kai. Kun fi ni sani, ban san abin da ya rufe muku ido ba.

Ga abin da za a yi, kuma ba shawara nake kawowa ba. Ɗangoggo ya fasa jiran lodin gobe, yanzu zai juya da motar babu fasinja, Abdulbasit yana ciki. Suna isowa a sa Inna a mota. Su tsaya a babban asibitin farko da ke kan hanya a yi mata allurar gaggawa, na rubuta wa likitan takarda, tana hannun Abdulbasit. In likitan ya ce ta kwanta a nan, ta kwanta. In ya ce za ta iya tafiya, a wuce da ita nan, ogana ya yi magana da asibitin da muke yi wa gwaji. In Inna ta ce ba ta zuwa, ku ce mata ni ce na ce in ba ta zo ba zan hau motar nan da cikina in taho, duk abin da ya same ni a hanya ita ta jawo. Ta san zan aikata.

In kuka tsaya haɗa tsaraba, Kawu, na gaya wa Abdulbasit ya ɗauko ta ya bar ku a nan.

Fiddausi.

*

Jikwoyi,
Laraba, 30 ga Agusta.

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna samun barci a gidan Ilyasu, na san ɗakin ƙarami ne, hanyar Orozo kuma da ruwan nan ba daɗi. Abdulbasit ya ce ku dawo wurinmu, kun ce a'a.

Abin dariya ne a ce muna gari ɗaya ina rubuto muku wasiƙa, amma ya zan yi? Sau huɗu ina zuwa asibiti. Duk zuwan da na yi sai a ce yanzun nan kuka fita masallaci. Jiya ƙarfe goma na safe na zo, ban san wace salla ake yi a lokacin ba. Na hango bayan rigarku kuna sauka ta matakalar baya. Zan bar wannan a wurin nas, ta ba ku.

Ga sakamakon, tunda ku kuka fara tambaya. Ruwan da aka ɗiba a bayan Inna ya iso teburina cikin minti arba'in, ya kuma tsiro. Ita ce ƙwayar da na zarga. Don mu tabbatar, George ya ɗiga musu wani sinadari da ke tayar da masu digar nan gaba ɗaya, muna kallo ruwan da ya dagule ya washe tas cikin minti goma. Allurar da kuke yi mata tana taɓa su, amma ba ta isa ba, irin waɗanda suka fara taurin kai ne. An sa ta a kan wadda ta dace, zazzaɓi ya sauka tun ran Asabar, kun gani da idonku. Jiya ta ci tuwo, ta ce miyar asibiti kamar an wanke tukunya.

Likita ya gaya muku maganar kunnen, amma ban sani ba ko kun tsaya kun ji. Na hagu ya tafi. Dafin ya ci jijiyar, ya ce kada mu sa rai zai dawo. Na dama ya tsira. Ya kuma ce da an ƙara kwana ɗaya, da ba maganar kunne ake yi ba.

Kawu, na yi muku rashin kunya a wasiƙar tasha, ku yafe mini. Na yi ta tunani kwanakin nan, na ga laifin nawa ne. Mutum ya tambaye ni magani, na tsaya ba shi lacca da diga da tubali, don in nuna na yi karatu. Da layi ɗaya na rubuta, a ci gaba da allura a tafi asibiti, da ba ku fahimce ni a karkace ba, da yanzu Inna tana ji da kunne biyu. Abin yana hana ni cin abinci. Ku daina gudu na, ni ce ya kamata in ɓuya.

'Yarku,
Fiddausi.

*

Asibiti,
Juma'a, 1 ga Satumba.

Fiddausi,

Na karɓi takardarki a hannun nas. Lafiyata ƙalau. Ki ci abinci, ba ke kaɗai ba ce a jikinki.

Ba zan iya kallon idonki in faɗi wannan ba, shi ya sa nake rubutawa a kan benci a bakin ɗakin. Ki sauke laifin nan, ba naki ba ne. Ban fahimce ki a karkace ba. Tun karatun farko na gane abin da kika ce, har layin da kika ce allurata ba ta riƙe ta ba. A kan wannan layin na tsaya, na kasa wucewa.

Kusan mako huɗu ina yi wa matata magani da hannuna, gari duk ya sani. Kullum in na buɗe kemis sai a ce, Likita, ya mai jiki, in ce da sauƙi, abin yana hannuna. In na sa ta a mota, kowa ya san ba ya hannuna. Wa zai sake kawo mini ɗansa? Da na ga maganar rushe kansu, sai na riƙe ta, na yi ta juya ta har na kusa yarda. Na karanta wa majalisa ne don in ji wasu sun ce haka ne. Ranar da ta ce haske yana damunta na sa hannu a ƙeyarta na ɗaga, na ji yadda ta sandare. Na san mene ne. Na je na canja matashi.

Batulu ba ta taɓa cewa ba za ta asibiti ba. Ban tambaye ta ba. Ƙuli-ƙulin ita ta ce a yi, gaskiya ne, amma cewa ta yi a ba Ɗangoggo kwalbar ya tafi, tsarabar ta biyo baya. Ni na ce a haɗa su.

Shekaranjiya da na gama karanta takardarki na shiga na zauna ta damanta, na gaya mata duk wannan da bakina, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama. Ba ta yi faɗa ba, ke kin san da ta yi da na ji sauƙi. Ta dube ni, sannan ta juya ta kwanta a kan kunnen dama, ta bar mini na hagu a sama.

Yau kwana biyu ke nan. In nas ta shigo sai ta ɗago, in Ilyasu ya zo ta ɗago su yi hira har da dariya. Ina shiga sai ta koma ta kwanta a kansa. Ina zama in yi ta magana duk da haka, ban san me zan yi ba in ba wannan ba.

Gobe in kin zo ba zan fita ba. Ba na ce ki roƙe ta ba, ban cancanta ba. Ki dai tambaye ta, tunda ke tana ba ki na daman, ko tana so in ci gaba da zama a kujerar nan ko in koma waje. Duk wanda ta ce, shi zan yi.

Mika'ilu.